Ƙarancin Iska a Jini: Abin da Baƙar Fata ke Nunawa da Abin da Take Ɓoyewa

Duk wanda ya taɓa tsayawa a mayankar Oko-Oba da ke Agege a Legas da sassafe ya san cewa jini ba launi ɗaya gare shi ba. Akwai wanda ke tsartuwa ja jawur da zarar wuƙa ta sauka, akwai kuma wanda ke biyo baya a hankali da duhu-duhu, kamar zoɓon da aka cika wa ganye. Jinin dabba ɗaya ne, abin da ya raba su shi ne yawan iskar oksijin da kowanne ke ɗauke da ita. Na farko ya fito ne daga jijiyoyin da ke rarraba jinin da ya bi ta huhu ya sha iska, na biyu kuwa yana hanyarsa ta komawa zuciya bayan ya sauke wa tsoka da sauran gaɓoɓi wani kaso na abin da ya ɗauko. Haka abin yake a jikin ɗan Adam, kuma a kan wannan bambancin launi aka gina wata tsohuwar alama da likitoci ke kira sayanosis, wato rinewar leɓɓa, harshe da farata zuwa shuɗi-shuɗi idan iska ta yi ƙaranci a jini.

Mai ɗaukar iskar shi ne himogulobin, sinadarin da ke cikin jajayen ƙwayoyin jini. Iskar da muke shaƙa kashi 21 cikin 100 ne kawai oksijin, amma huhu mai lafiya yana iya cika himogulobin da ita har kashi 95 zuwa 100. Idan huhu ya cika da ruwa ko majina kamar yadda namoniya ke yi, ko hanyoyin iska suka tsuke kamar a asma, ko zuciya ta riƙa cakuɗa jinin da ya sha iska da wanda bai sha ba, sai wannan adadi ya sauko, jinin ya yi duhu tun daga tushe. Jinin kansa ba ya zama shuɗi, yadda haske ke ratsa fata ya dawo ido ne ke sa a gan shi haka.

A nan ne matsalarmu ta farko take. Yawancin littattafan da aka koyar da likitanci da su an rubuta su ne a Turai da Amurka, hotunan da ke ciki kuma na fararen fata ne, waɗanda jini ke bayyana a fuskarsu da ƙaramin dalili. A jikin baƙar fata sinadarin melanin, wanda ke ba fata baƙinta, yana rufe wannan launi, don haka uwar da ke zaune a Idi-Araba ko Obalende tana jiran fuskar ɗanta ta yi shuɗi irin na baba kafin ta tabbatar abin ya yi tsanani, tana jiran abin da wataƙila ba za ta taɓa gani ba. Abin da ya fi bayyana a wurinmu shi ne dusashewa: fuska ta rasa sheƙinta, ta yi toka-toka, musamman gefen baki, leɓe ya yi duhu fiye da yadda aka san shi. Ba irin furu-furun hunturu ba ne da basilin ke gogewa, wannan daga ciki yake, mai ba ya taɓa shi. Sau da yawa wanda ya san mutum kullum, kamar uwa ko mata ko abokin kwana a shago, ya fi baƙon ma'aikacin lafiya saurin lura da cewa launin ya sauya, saboda shi ne ya san asalin launin.

Wuraren da ya kamata a duba su ne inda melanin bai da yawa kuma fatar ba ta da kauri. A janyo leɓen ƙasa a dubi cikinsa, a sa mutum ya fito da harshe a dubi samansa da ƙarƙashinsa, a ja fatar idon ƙasa a ga cikinta, sannan a dubi farata da tafin hannu. A lafiyayyen mutum, komai baƙinsa, waɗannan wurare ja-ja suke. Dasashi ba abin dogaro ba ne sosai, domin da yawa daga cikinmu an haife mu da baƙin dasashi ko mai ɗigo-ɗigo, haka ma leɓen mai shan taba. Harshe ya fi su gaskiya, sai dai shi ma ana iya rufe masa baki: wanda ya gama cin goro, ko yaron da ya sha zoɓo ko alawa mai launi, sai an kurkure masa baki kafin a yanke hukunci. Ga mata kuma lalle yana rufe farata da tafin hannu ruf, jan baki yana rufe leɓe, don haka amarya ko maijegon da aka yi wa ƙunshi, cikin baki da cikin ido kaɗai suka rage mata. Haske ma yana da nasa tasiri. Farar fitilar caji mai shuɗi-shuɗi da ta cika ɗakunan Legas tana iya sa mai lafiya ya zama kamar marar lafiya, kwan lantarki mai ja-ja kuma yana ɓoye duhun da ke akwai. Idan da rana ne, a fito da mutum bakin ƙofa ko taga.

Ba kowane duhun farce ne ke nufin huhu ya gaza ba, kuma wannan rarrabewa tana da amfani. Ɗan acaɓan da ruwan Yuni ya yi wa duka, ko lebura mai ɗaukar katan ɗin kifi a ɗakunan sanyi na Ijora, yatsunsa za su iya yin duhu saboda sanyi ya tsuke ƙananan jijiyoyi, jini na tafiya a hankali, tsoka na kwashe masa iska fiye da kima. Idan aka dubi harshensa za a tarar da shi ja, idan aka ɗumama hannun kuma launi zai dawo. Wanda ke da haɗari shi ne duhun da ya kai harshe da cikin leɓe, domin yana nufin jinin da ke fitowa daga zuciya ne kansa ba shi da isasshiyar iska. Amma akwai sanyin hannu da ba na yanayi ba: mai gudawa da amai, ko macen da ta zubar da jini bayan haihuwa, idan hannunta ya yi sanyi ƙalau da gumi, aka danna farcenta ya yi fari kuma ya wuce daƙiƙa 3 bai dawo ja ba, to jinin da ke zagayawa ne ya ragu, kuma wannan ma na gaggawa ne ko da harshe bai sauya ba.

Jarirai suna da nasu hukunci. A minti na farko bayan haihuwa iskar jinin jariri lafiyayye ba ta wuce kashi 60 zuwa 65, sai kusan minti 10 take kaiwa 85 zuwa 95, kuma tafin hannu da na ƙafa suna iya zama da duhu kwana ɗaya ko biyu ba tare da wata cuta ba. Abin da ungozoma da kaka za su sa wa ido shi ne harshe. Jaririn da bakinsa ke yin duhu duk lokacin da yake kuka ko shan nono, yana gumi yana sakin nonon don ya huta, ana zargin an haife shi da matsalar zuciya. Sanannen nau'inta shi ne wanda ke ɗauke da sunan likitan Faransa Fallot, kuma yaran da ke da shi idan suka fara tafiya sukan tsuguna ba zato a tsakiyar wasa, saboda tsugunon yana ƙara tura jini zuwa huhu. Iyaye kan ɗauka lalaci ne ko shagwaɓa. Tun 1944 aka fara yi wa irin waɗannan yara aiki a asibitin Johns Hopkins da ke Amurka, don haka ba ciwo ne da za a zauna da shi a gida ana jiran yaro ya girma ya rabu da shi ba.

Matsala ta biyu ta fi launin fata girma, kuma ita ce ba a cika faɗa ba. Ido ba ya ganin kason iskar da ta ragu, yana ganin yawan himogulobin da ya rasa iska ne. Tun 1923 masana biyu, Lundsgaard da Van Slyke, suka ƙiyasta cewa sai himogulobin marar iska ya kai kimanin giram 5 a kowace desilita (kashi ɗaya cikin goma na lita) ta jinin ƙananan jijiyoyi kafin shuɗin ya fito fili. A yi lissafin da kyau. Namiji mai cikakken jini, mai giram 15, zai nuna alama idan kashi ɗaya cikin uku na himogulobin ɗinsa ya rasa iska. Mace mai ciki da jininta ya sauka zuwa giram 7, sai fiye da kashi biyu cikin uku ya rasa iska kafin launin ya fito, kuma kafin a kai nan rai ya riga ya shiga haɗari. Yaron da maleriya ta cinye masa jini har ya koma ƙasa da giram 5 kuwa, ba zai yi shuɗi ba ko da numfashinsa na gab da tsayawa, domin duk jininsa bai kai adadin da ake bukata ba. Shi fari fat zai yi, tafin hannunsa ya ɗashe, cikin idonsa ya koma kamar takarda.

Idan aka tuna su wane ne suka fi fama da ƙarancin jini a cikinmu, za a ga nauyin wannan magana. Yara masu maleriya, mata masu ciki da masu jego, waɗanda abincinsu bai wadatu ba, da masu sikila, cutar da Najeriya ta fi kowace ƙasa yawan masu ita, inda ake ƙiyasta haihuwar jarirai kusan 150,000 da ita a kowace shekara. Mai sikila kullum jininsa a ƙasa yake, kuma ɗaya daga cikin abubuwan da suka fi kashe su shi ne rikicin ƙirji, mai zuwa da zazzaɓi, ciwon ƙirji da haki. Wato mutanen da suka fi saurin rasa iska su ne waɗanda jikinsu ya fi jinkirin nunawa. Ko a inda jini ke cike ma idon ɗan Adam ba gwani ba ne, domin wani bincike da Comroe da Botelho suka wallafa a Amurka a 1947 ya nuna cewa yawancin masu dubawa, har da likitoci, ba sa tabbatar da shuɗin sai iska ta sauka zuwa wajen kashi 80. A ganina wannan ya isa ya sauya yadda ake koyar da alamar: ganinta hujja ce mai ƙarfi cewa akwai haɗari, rashin ganinta kuwa ba ya wanke kowa.

Abin da ke riga launi zuwa shi ne numfashi, kuma shi ana iya ƙirga shi da agogon waya. Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa iyaka ga yara: jaririn da bai kai wata 2 ba, numfashi 60 ko fiye a minti ɗaya ya yi sauri, daga wata 2 zuwa 11, numfashi 50, daga shekara 1 zuwa 5, numfashi 40. Ana ƙirgawa ne yaro na kwance shiru, ba yana kuka ba, kuma a cika mintin, domin numfashin jarirai ba ya tafiya daidai. A ɗaga masa riga a ga ko ƙasan haƙarƙarinsa na lotsawa ciki idan ya ja iska, ko ƙofofin hancinsa na buɗewa, ko yana nishi a ƙarshen kowane numfashi, ko kansa na gyaɗawa tare da numfashin, ko ya kasa kama nono. Babba mai lafiya yana numfashi 12 zuwa 20 a minti, kuma wanda ba ya iya kai jimla ɗaya ƙarshe sai ya tsaya ya ja iska, ko ya kasa kwanciya sai a zaune, ya riga ya faɗi abin da harshensa bai nuna ba tukuna. Ƙwaƙwalwa ita ce gaɓar da ta fi rashin haƙuri da ƙarancin oksijin, shi ya sa ruɗewa, fizge-fizge, surutai ko barci mai nauyi ke cikin alamomin farko, musamman ga tsofaffi. Idan dattijo mai tari da zazzaɓi ya fara magana ba kan gado, akan ce iska ce ta taɓa shi, a nufi aljanu. Kalmar ta yi daidai ta wata fuska, sai dai iskar ba shigarsa ta yi ba, ƙaranci ta yi masa, kuma yi masa addu'a ba ya hana a sa shi a mota.

Annobar korona, wadda aka tabbatar da shigowarta Najeriya a nan Legas ranar 27 ga Fabrairu 2020, ta nuna cewa numfashin ma yana iya yaudara. An riƙa ganin majinyata suna hira suna latsa waya alhali iskar jininsu ta sauka ƙasa sosai, ba su jin wani haki na a zo a gani. Daga nan ne ƙaramar na'urar da ake maƙalawa a yatsa, oksimita, ta fita daga ɗakin tiyata ta shiga gidaje da kemis. Injiniyan Japan Takuo Aoyagi ne ya gano dabararta a farkon shekarun 1970. Tana haska yatsa da haske iri biyu, ja da wani da ido ba ya gani, kuma da yake jini mai iska da marar iska ba sa shanye su daidai, sai ta lissafa kason. Aikin da ido ke ƙoƙarin yi ne, ita ta fi shi kaifi.

Amma ita ma ta hanyar ratsa fata take aiki, kuma melanin na shanye haske. A Disamba 2020 masu bincike a Jami'ar Michigan suka kwatanta abin da na'urar ke nunawa da abin da gwajin jinin jijiya ya nuna. A cikin lokutan da na'urar ta ba da kashi 92 zuwa 96, sun tarar cewa ainihin iskar tana ƙasa da 88 a kashi 11.7 cikin 100 na awon baƙaƙen fata, amma kashi 3.6 kawai a na fararen fata. Kuskuren ya ninka kusan sau uku, kuma ya karkata ne ta ɓangaren da ya fi muni, wato na'urar tana kwantar da hankali a inda bai kamata ba. Wannan ba dalilin jefar da ita ba ne, domin duk da haka ta fi ido nesa ba kusa ba, kuma cibiyar lafiyar da ke duba yara ba tare da ita ba tana aiki ne da ka. Abin da ya dace shi ne a bar mata rata: mai baƙar fata da ke haki, na'ura ta nuna 92 ko 93, a ɗauke shi a matsayin wanda wataƙila ya yi ƙasa da haka. A ɗumama hannu kafin awo, a goge jan farce, a guji yatsan da baƙin lalle ya kama sosai, a bar hannun ya natsu har lambar ta tsaya, kuma a fi kula da inda lambar ta dosa cikin sa'o'i fiye da awo guda.

Akwai yanayi ɗaya da ido da na'ura duka ke faɗuwa tare, kuma a Legas ba baƙo ba ne: hayaƙin janareta. Iskar kabon monoksaid da ke cikinsa ba ta da launi ba ta da wari, tana kuma kama himogulobin da ƙarfin da ya ninka na oksijin fiye da sau 200. Himogulobin da ta kama ja ne jawur, don haka leɓe ba ya duhu, oksimita ta gida kuma tana ƙirga shi a matsayin mai iska, ta nuna 98 ga mutumin da ke mutuwa. Jan launin fata da littattafai ke ambata a matsayin alamarta an fi ganinsa a gawa. Alamar da za a riƙe ita ce yanayin: mutum biyu ko uku a ɗaki ɗaya su tashi da ciwon kai, jiri, tashin zuciya da kasala lokaci guda, su ji sauƙi idan sun fita waje. Akan ce maleriya ce ko abincin dare ne ya ɓaci. Maigadin da ke kwana kusa da ɗakin janareta, 'yan kasuwar da ke rufe shago su kwana ciki a Mile 12 ko Alaba Rago da injin a lungu saboda tsoron ɓarayi ko ruwan sama, da maijegon da ake shigar wa kaskon gawayi ɗaki a rufe taga, duk suna cikin wannan haɗari. Maganin farko shi ne a fitar da kowa fili a kashe injin, sannan a tafi asibiti ko da an ji sauƙi, a kuma faɗa musu ƙarara cewa hayaƙi aka shaƙa. Akasin wannan ma yana faruwa, ko da yake ba da yawa ba: wasu magunguna, irin su dafson da ake ba masu kuturta, suna iya sauya himogulobin ya koma ruwan ƙasa, mutum ya yi duhu sosai, na'ura ta maƙale wajen 85 ko an sa oksijin.

Idan harshe ya yi duhu, ko numfashi ya wuce iyakokin da aka ambata tare da wata alamar haɗari, ba aikin kemis ba ne. A zaunar da mutum ya jingina, a sassauta masa tufafi, a buɗe tagogi, a ba mai asma abin shaƙarsa, kada a ɗura wa wanda hankalinsa ya gushe ruwa ko jiƙo domin zai iya wucewa huhu. Yaron da yake wasa lafiya sai ya sarƙe nan take ya yi duhu, a fara tunanin gyaɗa ko wani abu ya maƙale masa. Lambobin gaggawa na jihar Legas su ne 112 da 767, kuma inda za a nufa shi ne asibitin da ke da oksijin, irin su asibitocin koyarwa na LUTH a Idi-Araba da LASUTH a Ikeja, asibitin yara na titin Massey a cikin tsibirin Legas, ko babban asibitin gwamnati mafi kusa. Wanda ya san cunkoson hanyar Agege zuwa Oshodi ya san cewa sa'a biyun da za a ɓata a gida ana duba leɓe, a kan hanya ake bukatarsu.

Saura tsoron oksijin ɗin kansa. Har yanzu ana samun dangin da ke cewa kada a sa wa majinyacinsu robar hanci, wai duk wanda aka sa wa ba ya tashi. Abin da suka gani gaskiya ne, fassarar ce ta karkace: an saba kai mutane ne bayan launi ya riga ya sauya, wato a matakin ƙarshe, sai robar ta zama abu na ƙarshe da aka gani a fuskarsu. Ƙa'idar Hukumar Lafiya ta Duniya ita ce a sa wa yaro oksijin idan awo ya yi ƙasa da kashi 90, tun yana da ƙarfin da maganin namoniya zai samu lokacin aiki. Oksijin magani ne mai ma'auni, shi ya sa ake taƙaita shi ga bakwaini don kada ya lalata musu ido, ake kuma riƙe masu daɗaɗɗen ciwon huhu a tsakanin 88 da 92, kuma wannan lissafin na ma'aikatan asibiti ne. Na dangi shi ne bayanin da za su bayar a bakin ƙofa. Ma'aikaciyar jinyar da aka ce mata "Sista, yaron nan ba shi da lafiya" za ta nuna benci a jira layi, amma wadda aka ce mata "watansa 8, numfashinsa 58 a minti, haƙarƙarinsa na lotsawa, ya ƙi nono tun asuba, cikin leɓensa ya yi toka-toka" ta san gadon da za ta kai shi tun kafin a yanki kati.